Wa ya kawo banki garinmu, kuma wa ya ci moriyarsa?

Abban Khairat:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Musu ne ya kaure mana a majalisa, na ce bari in kawo shi inda manya suke. Tsohon bankin nan na bakin tasha, wanda yanzu ake jibge buhunan taki a ciki, wa ya kawo shi garin nan? Wasu sun ce marigayi Hakimi ne ya je har Legas ya roƙo, wasu sun ce ɗan majalisarmu na zamanin Shagari ne. Mu dai mun taso mun gan shi a buɗe, kafin mu isa buɗe asusu an garƙame shi.

Sadik Mai POS:
Ni a gida abin da na ji ɗan majalisa ne. Har an ce ranar buɗewa shi ya fara zuba kuɗi.

Malam Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Hakimi ya ba da fili, wannan da idona na gani, wurin da ake sussukar gero ne a da. Ɗan majalisa kuma shi ya yanke ƙyalle, ɗalibaina ne suka yi fareti. Amma ku jira Malam Akawu, shi ya zauna a ciki.

Baba Akawu:
Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubutawa ina faɗa masa, ido ya yi rauni.

Allah ya jiƙan Hakimi, Allah ya jiƙan ɗan majalisa, amma ba wanda ya kawo banki a cikinsu. Doka ce ta kawo shi. A 1976 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Pius Okigbo don ya duba harkar kuɗi ta ƙasa. Bankuna a lokacin duk sun cunkushe a Legas, Ibadan, Kano, Kaduna da ire-irensu, karkara kuwa fayau. Sai a 1977 Babban Banki ya fito da shirin kai bankuna ƙauyuka. Kuma ba lallashi aka yi ba, rabo aka yi. A kira banki a miƙa masa jerin garuruwa, a ce ga naka, ga wa'adi. Zango na farko rassa 200 ne, daga 1977 zuwa 1980. Na biyu 266, ya kai 1984. Na uku 300, ya ƙare a 1989. Bankin da ya yi nawa wajen buɗe nasa na ƙauye, in ya zo neman izinin sabon reshe a birni sai a ja masa rai.

Mu a zango na biyu muka faɗo, shi ya sa abin ya zo daidai da zamanin siyasa har ɗan majalisa ya samu abin faɗa a kan mumbari. Abin da ya sa sunan garinmu ya shiga jerin kuwa, kasuwar kara ce, da kasancewar nan ne mazaunin Hakimi. Manajanmu na farko da bakinsa yake cewa an turo shi gwale-gwale ne. Ranar Juma'a ana tashi yake kama hanyar birni, iyalinsa ba su taɓa kwana a garin nan ba.

Abban Khairat:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To ashe duk musun namu a banza muka yi.

Alhaji na Kara:
Ko wa ya kawo shi, mu dai ya yi mana rana. Ku yaran yanzu ba ku san wahalar ɗaukar kuɗi ba. Takarda mafi girma a lokacin ita ce naira 20 mai hoton Murtala, ita ma a 1977 ta fito. Naira 50 sai a 1991. To ka sayar da shanu cikin tirela a Kudu, ka ɗauko kuɗin duka da 'yan ashirin-ashirin da goma-goma, wasu a lalita, wasu a ɗinke cikin riga, sauran a buhun goro don kada a gane. Kana mota ido biyu har gida. Da banki ya zo, sai mu zuba a can mu karɓo takarda, mu zo nan a biya mu. Takan ɗauki kwanaki kafin su tabbatar, amma barci dai mun samu.

Baba Akawu:
Alhaji ya tuna mini ranar kasuwa. Tun kafin a buɗe ƙofa layi ya kai gindin darbejiya. Kana shiga ka miƙa littafinka, a ba ka tali, wani ɗan ƙarfe ne na tagulla mai lamba a jiki, ka koma benci ka zauna. Littafin zai bi ta hannuna, in buɗe leja in nemo shafinka, in rubuta da hannu, in miƙa wa akanta ya sa hannu, sannan kashiya ya kira lamba. Wanda bai yi boko ba ya dangwala babban yatsa. Malamai da yawa da ajami suke sa hannu, kuma ana karɓa, muddin ya yi daidai da wanda ke kan katinsa.

Kuɗin da ake kawowa kuwa, kana jin warinsa ka san inda ya kwana. Na mahauta daban, na masu manja daban, wanda aka tono daga ƙasa yana da wani sanyi da fumfuna, wani ma gara ta lashe gefensa. Kashiya da soso a jiƙe a gefe, yana taɓawa yana ƙirga. Babu injin ƙirga, babu kwamfuta. In an rufe ƙofa sai a haɗa lissafi, kuma ko kwabo ɗaya ne bai daidaita ba, ba mai tafiya gida. In janareta ya ƙi tashi a kunna aci-balbal a ci gaba.

Hajiya Uwar Adashi:
Salamu alaikum. Duk wannan labarin na maza ne, ku yi haƙuri. Mu mata ina muka ga hanyar shiga? A ce sai kin kawo hoto, sai kin kawo wanda zai tsaya miki, sai kin zauna a benci cikin maza tun safe har azahar. Wane maigida ne zai yarda? Ni adashin da na riƙe a unguwarmu ya aurar da 'ya'ya, ya sayi keken ɗinki, ya sayi tumaki. Bankinku ko sisi bai taɓa ranta wa mai ƙuli-ƙuli ba.

Ustaz Kabiru:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sannan akwai maganar riba. Mahaifinmu har ya rasu bai taka ƙofar nan ba, ba don jahilci ba, don tsoron kuɗin ruwa ne. Irin su da yawa ne a garin nan. Sai a 2012 da Jaiz, bankin da ba ya mu'amala da ruwa, ya fara aiki a Abuja da Kaduna da Kano aka samu inda mutum zai ajiye kuɗi hankalinsa kwance, shi ma a birni.

Baba Akawu:
Ustaz, waɗanda suka shigo ma da yawa sharaɗi suke kafawa. Mutum zai ce a ajiye masa amma kada a sa masa ruwa ko kwabo. Sai mu rubuta masa takarda ya sa hannu, mu maƙala a fayil ɗinsa.

Dakta na Jami'a:
Baba, a nan nake so a tsaya, don nan ne zuciyar maganar. Mutumin da ya ajiye kuɗi ya ce kada a ba shi ruwa, ya ba banki kuɗi kyauta ke nan. Ba kuɗin da ya kai wannan araha a duk faɗin ƙasar. Tambayata ita ce, wannan kuɗin ina yake zuwa? Reshen ƙauye guga ne kawai, a zura shi a rijiyarmu a jawo, a je a juye a randar wani a birni. Kuma ba zato nake yi ba. Babban Banki da kansa ya lura, shi ya sa a 1982 ya ce dole kashi 30 cikin ɗari na abin da aka tara a karkara a ranta shi a karkara, daga baya ma aka ɗaga har ya kai rabi. Da kuɗin yana zama a inda aka tara shi, me zai sa a yi doka?

Baba, don Allah a cikin manoma goma da suka zo neman rance, nawa suke samu?

Baba Akawu:
Dakta, ba na riƙe da lissafi, amma ba su da yawa. Ikon manaja kaɗan ne, abin da ya haura sai an aika ofishin shiyya. Can kuma abin da za su fara tambaya jingina. Manominmu gonarsa ta gado ce, shaidarsa dagaci da maƙwabta. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardarsa, su kuwa a sama takardar da gwamna ya sa wa hannu suke so. Wa ke da ita a nan? Wanda ma aka amince masa, sau da yawa takarda takan dawo bayan an yi noman farko, lokacin taki ya wuce. Sai kuɗin ya tafi a biki ko cefane, kaka ta zo ba abin biya.

Duk mako mota takan zo da 'yan sanda biyu ta kwashi rarar kuɗi zuwa birni. Ban cika ganin ta zo da kaya ba sai ƙarshen wata, lokacin albashin malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma.

Nura Ma'aikacin Banki:
Da izinin manya. Dakta, ka ɗora wa banki laifi duka, kuma ba haka abin yake ba. Ni a cikin aikin nake. Ka lissafa albashin manaja, akanta, kashiya, akawu, masinja, masu gadi, ga man janareta, ga kuɗin rakiyar 'yan sanda, a garin da hada-hada ta gaske kwana ɗaya ce a mako. Yawancin irin waɗannan rassa asara suke yi, ribar birni ce take rufe su. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, gwamnati ta yi asusun lamunin rancen noma tun 1977, wanda in manomi ya kasa biya ake mayar wa banki kashi 75. Me mutanenmu suka ce da suka ji haka? Suka ce ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne. Wanda ka ranta wa bai biya ba, gobe za ka ƙara masa?

Malam Hedimasta:
Nura, ɗana, su wa suka ci rancen? Ka tambayi mahaifinka, ya sani. Masu manyan riguna ne daga birni, gonarsu a takarda take, ko kuma sun sayi daji sun kafa allo. Su suke da takardar gwamna, su suka san manaja na shiyya. Talakan garin nan da ya ranci kuɗin garmar shanu, in kaka ta yi shi yake fara zuwa biya, don kunya ba za ta bar shi a aiko masa ɗan doka ƙofar gida ba. Kada a ci da wasu a shafa wa wasu maiƙo a baki.

Nura Ma'aikacin Banki:
Ranka ya daɗe, ban musa ba akwai irin waɗannan. Amma na gida ma akwai waɗanda suka ƙi biya, ana ganinsu suna ƙara aure.

Sadik Mai POS:
Yaya Nura ka kama sunaye mana mu ji.

Shugaban Zaure:
Sadik, a'a. Ba a kama sunan kowa a nan, mutanen da yawa sun riga mu gidan gaskiya kuma 'ya'yansu suna cikin zauren nan. A ci gaba da tarihi.

Alhaji na Kara:
To ni bari in ba Dakta amsa da abin da na gani. Canjin kuɗi na 1984, zamanin Buhari da Idiagbon. An wayi gari an rufe iyakoki, an sauya launin takardun kuɗi, an ba da kusan mako biyu. Naira 5,000 ake canza wa mutum a hannu, abin da ya haura sai ka zuba a asusu ka yi bayanin inda ka samo. Da babu reshen nan, da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu sun tashi a tutar babu. Fulani sun zo daga rugage da kuɗi a ƙwarya, an kwana a layi har bakin makabarta. Malam Akawu yana nan, ya faɗa in ƙarya nake. Garuruwan da ba su da banki, akwai waɗanda kuɗinsu ya mutu a hannu, wa'adi ya cika ba su kai ga kanta ba.

Baba Akawu:
Haka aka yi Alhaji. A ofis muka riƙa kwana. Kuma bayan nan ne mutane da yawa suka buɗe asusu, ba don suna so ba, don an tilasta su ajiye rarar.

Dakta na Jami'a:
Alhaji, ban ce bai yi amfani ba ko kaɗan. Ajiya ya iya, biyan albashi ya iya, aika kuɗi ya iya. Abin da aka ce ya zo yi, wato ya mayar da kuɗin gari ya zama jarin gari, shi ne bai yi ba. Gwamnati ma ta gane, shi ya sa Babangida ya kafa People's Bank a 1989, ya ɗora Tai Solarin a kai, ana ba da ƙananan rance ba jingina. A ƙarshen 1990 kuma aka buɗe bankin al'umma na farko, Alheri, a Tudun Wadar Kaduna. Duk ƙoƙarin toshe ramin da bankunan kasuwanci suka bari ne. A 2000 aka haɗe People's Bank da bankin manoma da shirin FEAP na bunƙasa tattalin arzikin iyali, abin da ya zama Bankin Manoma na yau.

Hajiya Uwar Adashi:
Wannan na Babangida kam mun ji labarinsa, an ce a haɗa ƙungiya a rubuta suna. Mun haɗa, mun rubuta, mun yi hoto. Har yau muna jira.

Malam Hedimasta:
Bankin al'umma mu ma mun yunƙura. Jarin da ake nema a lokacin naira 250,000 ne, ƙungiyar ci gaban gari ta fara sayar da hannun jari, sai rigimar wa zai zama shugaba ta watsa taron. Garuruwan da suka daure nasu ya tsaya, wasu har yanzu suna nan, sun koma bankunan ƙananan rance bayan tsarin 2005. Wannan kam ba wanda ya yi mana, mu muka yi wa kanmu.

Abban Khairat:
To Baba Akawu, rufewar fa? Karyewa bankin ya yi?

Baba Akawu:
Namu bai karye ba. Waɗanda suka karye suna nan, a Janairun 1998 kaɗai an soke lasisin bankuna 26, kuma inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya karye, a lokacin naira 50,000 ce iyakarta, ko nawa ka ajiye. Mutanen garuruwan da abin ya shafa sun ji jiki. Namu a hankali ya mutu. Da shirin ya ƙare a 1989 aka daina tilasta wa kowa, tun daga nan aka daina gyara. Ma'aikaci in ya tafi ba a kawo madadinsa. Ni na riga na yi ritaya lokacin da aka sa kwaɗo, Nura zai fi ni sanin ƙarshen.

Nura Ma'aikacin Banki:
Ƙarshen haɗewar bankuna ce. A Yulin 2004 Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa ma da girmansa, wanda aka kafa tun zamanin Sardauna, cikin bankuna tara da suka haɗu suka zama Unity ya shige. Sababbin masu gida suka zauna suka duba kowane reshe, me yake kawowa, me yake ci. Ga shi an koma kwamfuta, reshe sai da sadarwa da wuta dare da rana. Albashi ya koma ta asusu kai tsaye, ba sai an kawo tsaba a mota ba. Ga 'yan fashi, ku tuna fashin bankunan da aka yi a Offa ta jihar Kwara a 2018. Reshe a garin da ofishin 'yan sanda bai fi mutum biyar ba, wa zai bar miliyoyi a ciki? Aka kwashe asusun mutane aka mayar reshen birni, aka liƙa sanarwa a ƙofa.

Sadik Mai POS:
Kuma ga mu mun maye gurbi. Ba tali, ba benci, ba hoto. Hajiya ma yaro take aikowa da kati. Abin da Baba yake yi a wuni, ni a minti biyu nake yi, har ƙarfe goman dare.

Alhaji na Kara:
Kai Sadik rufe mana baki. A canjin kuɗi na 2023 ina ka shiga? Dubu ɗaya kuka riƙa cira a kan dubu biyar, shi ma sai da roƙo. Na sayar da sa, mai saye ya ce ya tura, ni ban ga komai ba, muka zauna a kara har magariba muna kallon waya. A 1984 ko ba komai akwai ƙofar da za ka je ka tsaya.

Sadik Mai POS:
Alhaji ai mu ma saye muka yi a lokacin, a gidan mai da wajen 'yan kasuwa. Kuma in kuɗi ya maƙale ba a hannuna yake ba.

Malam Hedimasta:
Shi ne matsalar ai. In ya maƙale, ko kati ya lalace, ko BVN ta samu tangarɗa, sai tsoho ya hau mota zuwa birni, ya biya kuɗin zuwa da dawowa, a ce masa ya dawo jibi. Fanshona nawa ne da zan riƙa wannan zirga-zirga?

Dakta na Jami'a:
Sannan Sadik, na'urarka tana karɓa tana bayarwa, amma ba ta ranta wa manomi kuɗin taki. Har yau mai noman rani a fadamarmu wurin ɗan kasuwa yake karɓar kuɗin mai da iri, da sharaɗin in ya girbe shi zai sayar wa, a farashin da aka yanke tun kafin a shuka.

Maman Hanif:
Salamu alaikum, ina ta karantawa ban sa baki ba. Baba Akawu, da muke gyaran ɗakin mahaifinmu bayan rasuwarsa mun samu littafinsa na wannan bankin a cikin adaka, shafin ƙarshe akwai saura a rubuce. Yayyena sun ce a jefar, wai ya mutu tare da reshen. Haka ne?

Baba Akawu:
Allah ya jiƙan mahaifinki, na san shi. Kada ku jefar, 'yata. Rufe reshe ba ya cinye ajiya, bashi ne a wuyan bankin ko wanda ya gaje shi, kuma yanzu hakkin magada ne.

Nura Ma'aikacin Banki:
Gaskiyar Baba ce, Maman Hanif. Ku je babban reshen da ke birni da littafin, da takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu da ta nuna su wa ke da ikon karɓar gadon, da katin shaidar wanda aka wakilta. In asusun ya haura shekara 10 ba a taɓa shi ba, ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ta ce a mayar da kuɗin wani asusu na musamman a can, amma ta hannun bankin za ku nema a dawo da shi. Sai dai ki duba adadin tukuna. Abin da ya sayi saniya a wancan lokacin, yau da ƙyar ya biya kuɗin mota da na takardun kotu. Ki turo mini hoton shafin farko da na ƙarshe ta gefe, kada ki sa a zaure, lambar asusu tana jiki.

Ustaz Kabiru:
Ko naira goma ce a karɓo a raba, akwai marayu a ciki. In an tarar an ɗora ruwa a kai, a ware shi daban kafin rabo.

Maman Hanif:
To Ustaz. Yaya Nura zan turo bayan isha'i in yara sun kwanta.